Shekarar da Taragu Suka Zo Tare da Ruwan Shuka

Kullum in na zauna a nan bakin tasha ina jin ku kuna cewa aikin helma ba aiki ba ne, wai mutum ya tsaya a inuwa da sanda yana daka wa leburori tsawa, shi ke nan ya ci abincinsa. Jiya ma na ji ɗayanku yana cewa in aka ba shi lodi, tsayawa kawai zai yi a bakin kasuwa ya yi fito, ƙarti su cika masa wuri. To, za su cika. Tara mutane bai taɓa yin wuya a Nguru ba. Wuyar ita ce ka san nawa za ka ɗauka yau, nawa za ka sallama jibi, kuma wanda ka sallama ya yarda ya dawo ranar da ka neme shi. Na yi wannan aiki tun jirgi yana sabon abu a garin nan har gwiwoyina suka ƙi, saboda haka ku gyara zama.

Sunana Gaji, mutumin Katuzu ne ni, can gefen Gashuwa. Shekarar da na fara zuwa, mun gama yankan gero ke nan aka ce akwai gari a yamma inda ƙarfen jirgi ya ƙare, ana biyan mutum don ya ɗauki kaya kawai. Muka taso a ƙafa, kowa da tabarmarsa da ɗan garin gero. Muka tarar da layin kantuna a gefen tasha, kowane kanti da filinsa, da sikeli a rataye, da taron mutane a ƙofa tun da sassafe. A ƙofar da muka tsaya wani dogon Bamange ne yake zaɓe, ana ce masa Ba Modu. Bai tambayi sunana ba. Ya kama tafin hannuna ya juya, ya dubi wuyana, sannan ya ce in taka zuwa gindin wata aduwa in dawo. Da na dawo ya ce, "Kai ba ka hawa dalar gyaɗa bana. Kana jan ƙafar hagu." Ƙaya ce ta soke ni a hanya, ni kaina na manta da ita.

Tsintsiya ya ba ni, da basilla da igiyar rama. Rani guda na yi ina share gyaɗar da ta zube, ina tankaɗe yashi, ina toshe buhunan da suka fashe. Raina ya so ya ɓaci, don masu dako sun fi mu samu. Amma a wannan sharar na san buhu. Na san algarara sabo da wanda rana ta cinye, wanda in ka sa ƙugiya a jikinsa zai tsage har ƙasa. Ƙugiya ta ɗaurin fata ce, wanda duk Ba Modu ya gani da ita kusa da gyaɗa, ranar ya gama aiki. Rani na biyu na samu gammo, na shiga dako. Na uku aka bar ni na taka dala, wato tulin buhunan nan da ake ginawa kamar tudu mai tsini kafin jirgi ya kwashe. A rani na huɗu ne Ba Modu ya ce in ajiye gammo in riƙa bin sa.

Abin da na fara lura da shi, mutumin nan ba ya zama bayan la'asar. Kowa ya tashi, shi sai ya nufi zango, inda fatake suke sauka da raƙuma da jakuna. Ya gaisa, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar hanya. Yana yi yana kallon mangaloli. Daga nan ya biya ta tasha wajen mai tuta, wato mai ba jirgi hannu, ya ba shi goro, ya ji ko an sako taragu marasa kaya daga Kano. Wata rana muka fito daga zango ya ce da ni, "Gobe ka cika ƙofa. Duk mai ƙafa biyu ka ɗauka." Na ce, "Ba Modu, ai zangon ba kowa." Ya ce, "Ba ka ga mai fura ta aika a ƙaro mata nono ba? Wa zai sha?" Washegari hantsi bai yi ba ayari ya shigo daga arewa, har da na bayansa, filinmu ya cika maƙil. Maƙwabtanmu suna ta aika yara kasuwa neman hannu, mu kuwa har mun fara awo.

Leburan kanti ba iri ɗaya ba ne, ko da yake a idon mai wucewa duk ƙura ɗaya ce ta rufe su. Akwai 'yan wata, su kaɗan ne: masu ɗora wa sikeli, masu ɗinkin baki, maginan dala, da mai gadi. Waɗannan ko da damina ba a sallamarsu, a sa su facin tamfol ko juya fatu, don in ka saki maginin dala ba za ka samu wani a bakin kasuwa ba. Dalar da aka gina ba daidai ba tana zamewa, kuma ba ta zamewa sai da mutum a ƙarƙashi. Sai 'yan jinga, waɗanda suke zuwa ƙungiya daga ƙauye ɗaya da babbansu, a yi ciniki da su kan lodi, su san yadda za su yi da junansu. Su ne ƙashin bayan aiki. Na ƙarshe 'yan rana, na bakin ƙofa, yau ka ɗauki da yawa gobe ka ɗauki kaɗan.

Kuma kowane mutum da lokacinsa. Manoman Katuzu da Karasuwa ba ka ganin su sai gero ya shiga rumbu. Mutanen arewa, na ƙasar Faransi, su ne farkon zuwa, don gudun aikin tilas na can, ba sa ciniki da yawa, amma in suka ji labarin gida ya lafa sai ka wayi gari ba su. Masunta na bakin kogi ba sa zuwa sai ruwa ya janye sun gama banda, can cikin bazara. Bafulatani ba zai ɗaukar maka buhu ba ko me za ka ba shi, amma ranar lodin shanu, in ba shi, sai bijimi ya karya maka mutum a ƙofar tarago. Ba Modu yana riƙe da wannan duka a ka, kamar yadda manomi yake riƙe da gonakinsa, ya san wadda ake fara shiga da wadda ake bari.

Sallama kuwa ita ce rabin sana'ar. Ba a sallamar mutum da safe bayan ya wanke fuska ya tako, ya riga ya rasa ƙofar wani kantin. Da la'asar ake gaya masa, a gaban mutane, da dalilin. Ba a sallamar ƙauye guda kakaf, sai ka riƙe mutum ɗaya ko biyu, don in aiki ya taso su ne za su aika gida. In gyaɗa ta yi sanyi, ka karkata su wajen fatu, ko tsintar ƙaro, ko ɗaurin busasshen nama. In duk babu, ka taka wurin helman kantin da ke kusa ka ce, "Ina da ƙungiya zaune, kana so?" Ya ara, ranar da kai ma ka matsu ya ara maka. Turawan kantunan suna gaba da juna kan ciniki, mu helmomi kuwa mutanenmu suna zagaya layin nan kamar tukunyar aro. Sannan ka tabbata akwai inda za su ci. Mu wata Ya Falmata ce take mana burabusko da miyar kuka a bayan fili. Ba Modu ya sha cewa ƙungiyar da ta raina tuwon wuri ba ta kai wata.

Cikin shekarun yaƙin duniya na biyu idon Ba Modu ya fara dushewa, ya kai ni gaban Baturen kantinmu ya ce ga magajinsa. Ya koma ƙauyensu, can ya rasu. Na riƙe aikin yadda na tarar, kuma ya tafi daidai, har shekarar da zan ba ku labari.

Bayan yaƙi da 'yan shekaru ne. Gyaɗa ta yi kyau, aka saya aka saya, amma taragu suka ƙi zuwa. Aka ce injunan jirgi sun tsufa, waɗanda suka rage suna can suna fama da kayan Kano. Mai tuta ya gaji da ganina, in na doso sai ya girgiza kai tun daga nesa. Muka gina dala har filin ya ƙare, muka nemi aron fili. Aka rufe ciniki, ba abin da ya motsa. Rana ta riƙa cin buhunan sama, ƙwari suna cin na ciki, in ka jingina kunne da dala kana jin motsinsu.

Baturen da muke da shi a lokacin sabo ne, yaro, ba mugu ba. Akawunsa mutumin kudu ne, Mista Daniyel, ya daɗe a Nguru har 'ya'yansa suna jin Barbarci, shi yake mana tafinta. Wata safiya suka kira ni.

Mista Daniyel ya ce, "Helma, an aiko daga Kano. A sallami kowa, a bar 'yan wata."

Na ce, "Akawu, gaya masa taragu za su zo wata rana. In suka zo, da wa zan loda?"

Suka yi magana. Ya juyo ya ce, "Ya ce yaushe za su zo?"

Na ce ban sani ba.

"Ya ce shi ma bai sani ba. Ba zai iya biyan mutane suna zaune suna kallon ƙarfe ba."

Maganarsa ba ta da aibu, ko ni ne mai kantin abin da zan faɗa ke nan. Abin da na roƙa ɗaya ne, a bar mini ƙungiyar Katuzu, su riƙa rushe dala suna sauya buhunan da suka mutu suna sake ginawa, yau aiki gobe hutu. Wannan aiki ne na gaske, ba ƙirƙira ba. Bature ya zagaya ya tsokani wani buhu da sanda, ya ga ya fashe, ya yarda. Sauran duk na sallame su da la'asar. Mutanen arewa suka wuce, na Karasuwa da Jakusko suka naɗe tabarmi. Sauran kantuna ma haka suka yi, garin ya zama kamar an share shi.

Babban ƙungiyar Katuzu sunansa Maina. Ya girme ni, tare da yayana suka yi wasan ƙasa, saboda haka ni Yaya nake ce masa, shi kuwa bai taɓa ce mini helma ba. Ya riƙe mutanensa a kan rabin aikin nan har bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ƙarfen sikeli ba ya taɓuwa da rana.

Sai ga mai tuta da kansa ya zo har fili yana haki. An samu injuna, taragu suna tafe, kuma za su yi ta zuwa. Amma ga sharaɗi: taragon da aka tura maka in ba ka cika shi kafin jirgi ya juya ba, a ja shi a kai wa maƙwabcinka, kai kuma ka koma ƙarshen layi. Na taka wurin helmomin nan ɗaya bayan ɗaya, kowa na tarar yana shirin zuwa wurina. Masuntan da suka rage an riga an kwashe su. Ina dawowa na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi. Kafin la'asar ruwa ya sauka, ruwa na sosai, wanda in ka tona yashi da hannu har gwiwar hannu danshi ne. Muka yi ta jan tamfol muna ɗaurewa.

Da gari ya waye na tarar da mutanen Katuzu a bakin ƙofa, kowa tabarmarsa a naɗe. Ku da ba ku yi noma a yashi ba ba za ku gane ba. Ruwan shuka ba ya jira. In danshi ya gudu kafin ka sa iri, ka zauna jiran wani, wanda ba ka san ranarsa ba, kuma daminar ƙasar nan gajera ce.

Na ce, "Yaya Maina, tarago na farko yana shigowa yau."

Ya ce, "Na ji, Gaji. Allah ya ba ka masu lodawa."

Na ce zan sa Bature ya ƙara musu a kan kowane tarago. Ya ce, "Ka ƙara. In na koma da kuɗi a aljihu rumbu ba kome, gero nawa zan saya kafin wata kaka? Kai ma ɗan manomi ne, kada ka sa in yi maka bayani."

Can ya dubi mutanensa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Amma shuka ba dole sai mai gona ba. Mai sungumi ya sara, mata da yara su bi su zuba iri su take. Mu tsofaffin nan, a lodi ba mu da sauri, a sungumi kuwa ba wanda ya fi mu. In samarin suka tsaya, mu mu je mu shuka namu da nasu."

Na ce, "Su kuma me za su yi muku?"

Ya ce, "Ƙungiya ɗaya ce. Abin da aka samu a nan na kowa ne, kamar yadda abin da aka shuka a can na kowa ne."

Abin da ya rage tafiyar ce. In suka bi ƙafa, kafin su isa danshi ya ragu. Na ruga wurin Mista Daniyel. Kantin yana da mota ɗaya da take zuwa Gashuwa ɗauko fatu. Ya shiga wurin Bature, ban san me ya gaya masa ba, ya fito yana kiran direba. Kafin su hau, Maina ya tara kowa a gindin dala, ya maimaita maganar da Badanci don kada wani ya ce bai ji ba, aka shafa Fatiha. Rabi suka hau mota, rabi suka warware tabarmi.

Lodin da muka yi a wannan lokaci ban taɓa yin irinsa ba. Hannu bai kai rabin abin da ake bukata ba. Na cire masu ɗinki daga ɗinki na ba su gammo, na cire mai gadi, ni ma na tuɓe riga. Sai ɗinki ya tsaya, ga buhuna suna fashewa. Ya Falmata ce ta ce, "Helma, basilla ai ba ta fi ƙarfin mace ba." Ta kawo mini matan unguwarsu, suka zauna a rumfa suna faci suna ɗinkin baki, wasu suna shara da tankaɗe. Ranar na fara ɗaukar mata aiki a kanti, kuma ban daina ba har na bari. Na raba mazan biyu, wasu su fara da asuba su huta da rana, wasu su karɓa, don tarago kada ya zauna. Na daina bari a hau can ƙololuwa da jiƙaƙƙen tamfol, sai a rushe daga gefe. Duk da haka wani ya zame ya goce kafaɗa. Taragu biyu aka janye mana, sauran mun cika su. Layin ƙasa na wasu dalolin ya riga ya sha ruwa ya yi baƙi, wannan sai zubarwa.

Wanda ya fi kowa aiki a lodin nan wani saurayi ne, Barma. Gajere ne mai faɗin ƙirji, yana gudu da buhu a kan katakon hawa tarago kamar ba kome a kansa. In na ce shi kaɗai ya yi aikin mutum biyu ban ƙara ba.

Muna cikin haka ruwa ya ɗauke. Sama ta washe kamar ba a taɓa yi ba. Direban motar fatu ya dawo daga Gashuwa da saƙon Maina: an shuka gonar kowa, amma abin da ya tsiro rana ta ƙone shi. Iri ya ƙare, don wasu har da nasu suka cika gonakin waɗanda suka tsaya. In ruwa ya dawo ba abin da za a sa a ƙasa.

Na tara samarin na gaya musu. Ba a yi doguwar magana ba. Ranar kasuwa suka haɗa abin da suka samu, suka sayi gero mai kyau na iri, da na ci, aka ɗinke, aka ɗora a motar fatu. Barma ne kaɗai ya ƙi sa hannu. Na kira shi gefe.

Na ce, "Kana wurin aka shafa Fatiha."

Ya ce, "Ina wurin, Helma. Amma ka tambayi direba. Gonata ce ta ƙarshe da suka shiga, danshi ya riga ya gudu, ko tsirowa ba ta yi ba. Na wasu ta tsiro ta ƙone, tawa ƙasa kawai aka tona. Wuyana ne ya ɗauki buhunan nan. Me aka yi mini da zan biya?"

Na ce, "Dole wata gona ta zama ta ƙarshe. Tsofaffin nan sun sara ta, ko ba su sara ba?"

Ya ce, "Sun sara." Sannan ya ce, "Jaki nake so in saya. Na gaji da ɗauka da kaina."

Ikon helma a ƙofar kanti yake tsayawa, kuma a wannan lodin kantin hannu da hannu ya biya kowa. Ba ni da abin da zan yi masa. Ya sayi jakinsa. Da taragu suka ƙare kowa ya tafi gida, ruwa ya dawo a makare, aka sake shuka. Amfanin bai yi yawa ba, amma ba wanda ya bar garin saboda yunwa.

Da kaka ta zagayo aka buɗe ciniki, ƙungiyar Katuzu ta dawo, Maina a gaba. Bayan kwanaki sai ga Barma a bakin ƙofa cikin 'yan rana. Jakin ya mutu da damina. Ni kuwa ina bukatar hannu, ga mutum mai ƙarfin mutum biyu, na ɗauke shi.

To, buhun gyaɗa ba a ɗora wa kai shi. Ko kai wane ne, sai mutum biyu sun kama kunnuwansa sun ɗaga, kai ka shiga ƙarƙashi, su sauke maka shi a hankali a tsakiyar gammo. Dukan abin a saukewar yake. In ɗaya ya riga ɗaya saki, ko da ƙiftawar ido, nauyin a gefe yake faɗa maka, wuya ya tafi. Kuma ba mai iya cewa da gangan aka yi.

Barma ya gyara gammonsa ya shiga layi. Da aka zo kansa, masu ɗorawa biyu, 'yan Katuzu, suka dubi na bayansa suka ce, "Matso." Ya koma ƙarshen layi ya sake zuwa, aka sake tsallake shi. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ko dube shi. Ya koma gefe ya tsaya da gammo a ka, rana tana hawa. Maina yana can yana aikinsa, bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Barma yana ta kallona, ni kuma ina kallon masu ɗorawa. Na ga yadda ɗayansu yake cije leɓe, wanda ubansa yana cikin tsofaffin da suka sara gonar nan.

Da azahar na ce, "Barma, zo." Na kai shi rumbun fatu, can bayan fili, inda ake tsoma fata a ruwan magani a shanya a ɗaure. Aiki ne mai wari, yana cin hannu, ba mai so, amma mutum ɗaya yana yin sa ba sai an taimake shi ba. Na ce, "Ga aiki in kana so." Ya cire gammon ya rataye a ƙusa, ya ɗauki ƙugiya.

Ya daɗe a rumbun nan, har ya zama ɗan wata, ya iya fata ƙwarai, da ido yake gane wadda aka shanya a ƙasa da wadda aka shanya a inuwa. Ya yi aure a nan Nguru, bai koma Katuzu da zama ba. Shekarar da zan bar aiki, ina zagayawa ina sallama da mutane, na shiga rumbun na same shi yana ɗauri. Muka gaisa. Har na juya ya ce, "Helma, akwai abin da na daɗe ina so in tambaye ka. Ranar nan da na tsaya a rana, kai ne helma. Da ka ce su ɗora mini, da sun ƙi?"

Na ce, "Da ba su ƙi ba. Da sun ɗora maka."

Ya ce, "To, me ya hana ka?"

Na ce, "Na ga hannunsu. Da ɗaya ya riga ɗaya saki."

Ya kai hannu ya shafa bayan wuyansa. Sannan ya sunkuya ya ci gaba da jan igiyarsa.